Kwantaccen Cikin Sa'adatu

Turaki, Jalingo
14 ga Afrilu, 2024

Adda Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an yi sallah lafiya. Ya yara, ya jikoki, ya kunnen? Na san abin da za ki ce, yana nan inda sanƙarau ya ajiye shi. Tun da ya toshe waya ta daina yi mana amfani, saƙon waya kuma jikokinki ke riga ki karantawa. Shi ya sa na ba Abbo direba wannan takarda, na ce hannunki kawai.

Mu nan lafiya lau. Malam yana can makarantarsa a Gembu, kan dutsen Mambila, sai hutu nake ganinsa. Gidan ni kaɗai ce da keken ɗinkina, sai Hope maƙwabciyata in ta taso daga kasuwa ta leƙo.

Adda, akwai magana, kuma bakina ya yi nauyi. Ke 'yar goggona ce, amma ke kika goye ni, ke ce kuma kika shekara talatin kina karɓar haihuwa a asibiti, don haka ki fahimce ni ba sai na faɗa ba. Kin tuna shekara shida da suka wuce, lokacin da na yi ta zubar da jini, Dada mahaifiyar Malam ta ce ba ɓari ba ne, kwanciya ya yi, wata rana zai tashi? To zanena ya daina zagaye ni kamar da. Siket uku na buɗe wa ɗinki tun watan Janairu.

Ban gaya wa kowa ba. Amma da Malam ya zo sallah ya dube ni, ya sake dubana, bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Ranar kasuwar Iware sai ga shi da ɗan rago fari mai baƙi a wuya, ya ɗaure a gindin mangwaro, ya ce in riƙa ba shi dusa, akwai ranarsa. Wallahi sai da na shige ɗaki don kunya. Dada kuwa ta aiko da man shanu daga Kachalla Sembe, ta ce kada in ɗaga abu mai nauyi, kada kuma in bari idon mutane ya hau ni.

Shekara goma sha tara da aure, Adda. Na yi wa 'ya'yan mutane ɗinkin suna har na daina ƙirgawa. Ki taya ni addu'a, ki kuma riƙe bakinki.

Ga ganyen shayin Mambila da Malam ya kawo, na ɗiba miki.

Ƙanwarki,
Sa'adatu

*

Hotoro, Kano
22 ga Afrilu, 2024

Sa'adatu,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, shayi ya iso, Abbo ya iso da surutunsa, ni dai bakinsa kawai nake gani yana motsi. Muna lafiya. Kunne kuwa kin riga kin ba kanki amsa.

Na karanta takardarki sau uku. Na farko na yi kuka, na biyu na yi dariyar Abdulmumin da ragonsa, mutum ya kasa buɗe baki ya tambayi matarsa sai ya je ya tambayi kasuwar Iware. A na uku ne aikina ya motsa, kuma kin san ni ba na iya shiru.

Ki amsa min waɗannan, ba kunya, ni na wanke ki kina jaririya. Kina ganin al'adarki ko ta ɗauke? Yana motsi? Ba kukan ciki nake nufi ba, motsi na shuri. Tsakiya ya taso ko gefe guda? Hannuwanki da wuyanki ƙiba suke yi ko rama? In kin ci abinci kina cinyewa, ko loma uku kin ƙoshi? Ƙafafunki fa?

Sannan maganar kwantaccen ciki. Ina girmama Dada, amma a shekara talatin ɗin da kika ambata ban taɓa karɓar ɗan da ya yi barcin shekara shida ba. Ba na ce ba ki da ciki ba, mace mai shekara arba'in da uku tana samu, na karɓi irinsu da hannuna. Cewa na yi ki je awo gobe-goben nan, a gwada fitsarinki, a ɗora miki hannu. Minti goma ne. In shi ne, ni zan zo in yi miki wankan jego da kaina, in ƙona ki da ruwan zafi har sai kin yi min rantsuwa.

Kada ki tsaya jiran Abdulmumin ya sauko daga dutse. Ki ja Hope ku tafi.

Addarki,
Balaraba

*

Turaki, Jalingo
9 ga Mayu, 2024

Adda,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya sauka, rago yana ƙiba.

Na ga tambayoyinki. Ni na aiko miki da farin cikina, ke kuma kin aiko min da takardar asibiti. Mutum ɗaya na zaɓa a duniya na gaya wa, ko barka ba ta ce min ba. Ki duba takardarki da kyau, babu barka a ciki.

Jini yana zuwa jefi-jefi, Dada ta ce wasu matan haka suke yi a kan ciki. Motsi kuwa ina ji. Abinci kowace mai juna biyu tana ƙinsa. Asibitin nan kuma maza ne a ciki, ba zan je in kwanta wani ƙato ya yaye min riga a kan abin da ko sunansa ban faɗa wa mijina ba.

Ke kin haifi bakwai, Adda. Ba ki san yadda gida yake ba idan babu abin da ke ƙara a cikinsa sai keken ɗinki. Ki bar ni da ɗan abin da Allah ya ba ni.

Sa'adatu

*

Hotoro, Kano
25 ga Yuni, 2024

Sa'adatu,

Bayan gaisuwa. Wannan ita ce takarda ta uku da na ba Abbo tun watan Mayu. Duk zuwansa sai in tare shi a ƙofa, ya juya min tafin hannunsa babu komai. Na sa ya rubuta min a bayan kwalin magani yadda ya gan ki. Ga abin da ya rubuta: "Tana nan. Ta rame. Rago ya tsallake layya."

Kin yi gaskiya, ban ce barka ba. Na je na duba kwafin da na ajiye, babu. Ki yafe min. Ba ƙin ki na yi ba, tsoro ne ya riga barkar fitowa.

Amma kin ce ban san shirun gida ba, nan kam kin yi min ƙarya. Shekara huɗu ke nan ina zaune cikin jikoki goma sha ɗaya, ina ganin suna dariya ban san me aka ce ba. In na yi magana sai su toshe kunne, wai ihu nake yi. Takardunki su ne kaɗai muryar da nake ji, kin kuwa ɗauke min ita kusan wata biyu.

Ki yi fushinki, ki ƙara. Amma tambayoyi uku kika tsallake, ta gefe guda da ta rama da ta ƙafa, kuma na san ki, abin da kika tsallake shi ne maganar. Don girman Allah ki je. Ki ce a sa ma'aikaciya mace ta tsaya a kanki, haƙƙinki ne, ba mai hana ki.

Addarki da ba ta iya magana ba,
Balaraba

*

Turaki, Jalingo
11 ga Yuli, 2024

Adda Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Takardunki uku suna nan ƙarƙashin keke, duk na karanta. Lafiya kuwa, ban san me zan rubuta miki ba. Na je.

Ba maganarki ce ta kai ni ba, ƙafata ce. Ta hagu ta kumbura har ta daina taka keke. Hope ta shigo ta same ni ina jan ta, ta ajiye tirenta ta ce, "Anti Sa'a, kai ba ka gani ba? Ciki yana gaba, wuya yana ƙarewa. Ni na haifi huɗu, wannan bai yi min ba. Tashi mu je." Ba ta ko bar ni na canza mayafi ba.

A layin awo na zauna cikin yara waɗanda na yi wa iyayensu ɗinkin aure. Aka gwada fitsari. Ma'aikaciyar ta dubi abin gwajin, ta dube ni, ta sake kawo wani. Sannan ta ce in biyo ta wajen likita.

Namiji ne, Dokta Tobias, mai furfura a gemu. Na ce ba zan kwanta ba. Bai yi musu ba, ya ce ma'aikaciyar za ta tsaya, za a rufe ni da zane, inda zai duba kawai za a buɗe, in na ce ya tsaya zai tsaya. Ya fara da tambayoyi, kuma Adda, naki ne sak, har da ta loma uku. Sai da na ji kamar kin aiko masa da takarda.

Ya ja fatar idona ya duba, ya ce in fito da harshe, ya juya tafin hannuna. Ya lalubi wuyana da saman ƙashin kafaɗa. Da na kwanta na lanƙwasa gwiwa, bai taɓa ni nan da nan ba, ya koma ƙarshen gado ya tsaya yana kallon cikin. Ni ma na leƙa. A kwance ba ya ɓuya, hagu ya fi dama tudu.

Ya murza hannuwansa don su yi ɗumi, ya fara daga dama, a hankali, yana zagayowa. Da ya iso hagu sai hannun ya tsaya. Ya ce, "Akwai zafi?" Na ce babu, har da murnata, na ɗauka abin kirki na faɗa. Shi bai yi murna ba. Ya ce in ja dogon numfashi, na ja, abin bai gusa ba. Ya sa hannu ɗaya ta bayana, ɗaya a sama, ya lalubi iyakarsa, ya kasa samun inda ya ƙare. Ya ɗora yatsa yana ƙwanƙwasawa. Dama tana amsawa kamar ƙwarya, hagu kuwa dim, kamar an bugi buhun gari. Ya lalubi matsematsina, ya danna ƙaurina da babban yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Sai ya ɗauko tef ya auna ni, cikin da cinyoyin biyu. Ni da nake auna mutane kullum, na karanta lambar a juye kafin ya rubuta. Cinyar hagu ta fi ta dama da inci biyu.

Da ya sa abin saurare a kunnensa ya ɗora a cikina, na riƙe numfashi don kada in dame shi. Ya daɗe. Na ce, "Likita, ka ji shi?"

Ya cire abin ya ce, "Hanjinki nake saurare, Hajiya."

Ya bari na tashi na gyara mayafina, ya jawo kujera ya zauna. Ya ce mahaifa daga ƙasa take tasowa ta bi tsakiya. Abin da hannunsa ya taɓa daga baya yake, wajen ƙoda, ya turo hanjina gaba, ya danne jijiyar ƙafa, shi ya kawo kumburin. Na ce to motsin da nake ji fa? Ya ce hanji ne ke neman hanya. Na ba shi labarin kwanciyar shekara shida. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Na so a ce shi ne."

An yi hoton ciki a ranar, na kafa wa allon ido ina neman kai ko hannu, toka-toka ne kawai. Shekaranjiya aka yi babban hoton, aka soka allura ta bayana aka ɗebi ɗan nama za a kai gwaji. Sati uku aka ce.

A Keke Napep muna tsallaka gadar Mayo Gwoi, Hope tana riƙe da takalmina na hagu don ya ƙi shiga, ita ke kuka ni ina ba ta haƙuri. Da muka iso rago ya tashi yana kiran dusa. Na ba shi.

Ban gaya wa Malam ba tukuna.

Ƙanwarki,
Sa'adatu

*

Turaki, Jalingo
6 ga Agusta, 2024

Adda,

Ina gaisuwa. Amsarki ta iso, na gode da addu'a, na gode kuma da ba ki ce kin faɗa min ba.

Sakamako ya fito. Ciwon daji ne, irin wanda ke tasowa daga kitsen da ke can bayan ciki. Na sa likita ya rubuta min sunan da manyan baƙaƙe don ke, lifosakoma. Ya ce rashin zafinsa shi ne sharrinsa, yana samun wuri ya yi ta girma ba wanda ya sani. Hoton ƙirji ya nuna bai haura ba. Za a iya cire shi, wataƙila da ƙodar hagu, kuma ko an cire sai an riƙa dubawa don yakan dawo. Sun tura ni Gombe, an ba ni ranar ashirin ga wata. Ya ce kada in wuce ta, abin ba ya jira.

Malam ya sauko. Hope ce ta kira shi, ni na kasa. Ya karanta takardar a tsaye, ya fita ya zauna a gindin mangwaro kusa da rago har la'asar. Da ya shigo ya ce laifinsa ne, da ya tambaye ni da baki tun watan Afrilu maimakon ya tafi Iware. Ya koma jiya neman izini a wurin aiki. Dada kuwa ta zo tana kuka, ta riƙe hannuna ta ce kada in yarda, likitoci ba su san kwantaccen ciki ba, jikanta za su yanke su jefar.

Takardar yarda da aikin tana nan, ban sa hannu ba. Ba don Dada ba. Na san ba ɗa ba ne. In gaya miki gaskiya, tun ranar da na karanta tambayoyinki na sani, shi ya sa na ji haushinki. Ba kuma wuƙar nake tsoro ba.

Adda, wata bakwai ina yi masa magana. In na zauna a keke sai in ce masa yau rigar wance za mu ɗinka, ka ga rowar yadinta. In na dafa abinci in tambaye shi ko gishiri ya ji. Na gaya masa labarin Inna mahaifiyata, da naki, da yadda kika goye ni kika faɗa rafi da ni. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa samun abokin hira irinsa ba. Yanzu an ce ciwo ne, na yarda, amma har yau da safe na kama kaina ina ce masa ruwa zai sauko, mu kwashe shanya. In sun cire shi na dawo gidan nan, da wa zan yi magana?

Kada ki yi min faɗa. Ki dai amsa min.

Sa'adatu

*

Hotoro, Kano
10 ga Agusta, 2024

Sa'adatu,

Wa alaikumus salam. Ba zan yi faɗa ba, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi.

Na san sunan da likitanki ya rubuta. Abin da ya gaya miki gaskiya ne, bai rage ba bai ƙara ba, kuma mutumin da ya ɗumama hannu kafin ya taɓa ki na yarda da shi. Mutane suna rayuwa da ƙoda ɗaya su tsufa har su dami jikokinsu. Ranar ashirin ɗin nan kuwa ba ta ɗaguwa. Dada ki bar ni da ita, tsohuwa ce mai son jika, ni ma tsohuwa ce, za mu fahimci juna.

Kin yi tambaya, ga amsa. Da ni za ki yi magana.

Na gaya wa yara zan taho, sun yi ta ɗaga hannuwa, wai tafiyar yini guda ce, wai hawan jinina. Na rufe ido, in na rufe ido kuwa ba mai iya yi min musu a gidan nan. Abbo zai ajiye min kujerar gaba ranar Alhamis. Ba ziyara zan zo ba, na haɗa kayana har da tabarmar sallata da tukunyar da nake so. Zan bi ki Gombe, in dawo da ke, in zauna har sai kin gaji da ni, in kin gaji ma ba inda za ni.

Wata bakwai kina magana da abin da ba ya jin ki, kuma kin ce hirar ta yi daɗi. To ni ma ba na ji, kin ga ba ki yi asarar komai ba. Bambancin kawai ni ina da ido, in kin fuskance ni kin yi a hankali ina karanta baki. Ina da hannun riƙe naki. Kuma in gishiri bai ji ba zan faɗa miki, da ihu.

Na ce zan yi miki wankan jego. Ruwan zafi ba zai yiwu a kan ɗinki ba, amma zan goge miki jiki, in dama miki kunu, in wanke miki zane. Ban fasa ba.

Ki sa hannu kafin in iso, kada ki sa in yi abin kunya a gaban Abdulmumin.

Addarki,
Balaraba

*

Turaki, Jalingo
12 ga Agusta, 2024

Adda,

Ina gaisuwa. Abbo yana ƙofa yana danna min oda, don haka a gurguje.

Na sa hannu yau da safe, Hope ta raka ni na miƙa. Sunan ya karkace, amma sun karɓa.

Malam ya ce a yanka ragon a yi sadaka kafin mu tafi. Na ce a'a, a bar shi sai na dawo da ƙafata, a yanka a kira maƙwabta, Dada ta zauna a gaba. An saye shi don ranar da za a ce an sauka lafiya, to ya jira ta.

Tun jiya ban yi wa abin cikin nawa magana ba. Abin da wuya, bakina yana ta cika, ina tara miki.

Na kwashe yaduka daga ɗakin ɗinki na shimfiɗa miki katifa. Na kuma jawo keken zuwa bakin taga, inda haske ya fi yawa, don ki riƙa ganin bakina sosai.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Sa'adatu